In sunka saɓa, wa ka raba su?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin albasa ya yi duk rayuwarsa a nan Tawa, yana saye daga garaken Galmi da kewayenta, yana loda wa manyan motoci zuwa Abijan. Yana da wani kundi mai baƙin bango da yake ajiyewa cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, kuma duk wanda ya ɗauki kaya bashi, ko buhu ɗaya ne, sai an rubuta shi a ciki da ajami: sunansa, yawan buhunan, ranar biya, da sunayen mutum biyu da aka yi cinikin a gabansu. Bai taɓa ɗauke wa kowa wannan ƙa'ida ba, har ƙanen mahaifiyata wanda suka shekara fiye da 20 suna cin tuwo a kwano ɗaya. Wata rana Kawu ya ji haushi ya ce, "Haba Alhaji, har ni sai an rubuta?" Baba bai ɗaga kai daga rubutun ba ya ce masa, "Ba don yau nika rubutawa ba. Don ranar da munka saɓa ne, ko ranar da ɗayanmu ba shi nan." Sannan ya tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka yarda da juna.

Na daɗe ina koyar da tarihi a lise, wato babbar sakandare, kuma duk shekarar da darasi ya kawo mu kan juyin juya halin Amurka da na Faransa, da labarin wannan kundi nake farawa, domin ban sami abin da ya fi shi kama da kundin tsarin mulki ba. Takarda ce da ake rubutawa lokacin da ake shiri saboda ranar da za a ɓata. Muddin shugaba da majalisa suna dariya tare babu mai waiwayarta, sai ranar da manya biyu suka ja daga, kowa yana rantsuwa shi doka ta ba gaskiya, sannan ake sanin ko waɗanda suka rubuta ta sun yi aiki ko sun bar ƙofa a buɗe.

Tunanin da ke ƙarƙashin irin waɗannan takardu ba shi da yawa, ko da yake littattafan da aka rubuta a kansa sun cika ɗakuna. John Locke, mutumin Ingila, ya rubuta a wajen 1689 cewa mulki amana ce da jama'a suka danƙa wa mai mulki don ya tsare musu rayukansu da ƴancinsu da dukiyarsu, kuma idan ya ci amanar suna da haƙƙin karɓe abinsu. Montesquieu na Faransa ya ƙara abin da na fi ɗauka da muhimmanci a 1748, inda ya ce an jarraba an gani, duk wanda ya sami iko sai ya nemi wuce gona da iri, ba ya tsayawa sai ya ci karo da iyaka, don haka dole a tsara abubuwa yadda iko zai tare iko: masu yin doka daban, masu zartar da ita daban, masu shari'a daban. Rousseau a 1762 ya ce asalin sarauta na jama'a ne gaba ɗayansu. Da Faransawa suka zo rubuta sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 26 ga Agusta 1789, sai suka dunƙule wannan duka cikin aya ta 16, wadda ke cewa al'ummar da ba a tabbatar da haƙƙoƙi a cikinta ba, ba a kuma rarraba iko ba, ba ta da tsarin mulki ko kaɗan.

Ɗalibaina sukan ce wannan duk tunanin Nasara ne, ni kuwa nakan ce su yi a hankali. A Maratta, kusa da Galmin nan da Baba ke sayen albasa, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma shi da ƙanensa Abdullahi sun yi rubutu mai yawa a kan abin da ya halatta ga sarki da abin da bai halatta ba, daga harajin zalunci har zuwa cin hanci da sunan gaisuwa. A Maraɗi, sarkin Katsina bai isa ya hau karaga ba sai da yardar Kaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, haka Gobir take da nata taran. Ke nan sanin cewa sarki yana da iyaka ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Abin da nake ganin ya bambanta shi ne, namu ya fi dogara da tsoron Allah na sarkin da nasihar malamai da nauyin manyan fada, su kuwa mutanen ƙarni na 18 sun yi ƙoƙarin ƙera wani tsari da zai ci gaba da aiki ko da wanda ya hau kujerar ba ya jin nasiha.

Amurkawa suna da takardu biyu da ake yawan haɗa su, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, sanarwar ƴancin kai ta 4 ga Yuli 1776 wadda Thomas Jefferson ya tsara, takardar saki ce. Ta buɗe da cewa an halicci mutane daidai kuma gwamnati daga yardar waɗanda ake mulka take samun halaccinta, sannan ta jero ƙorafi 27 a kan Sarki George na Uku. Ba ta faɗi yadda za a yi mulki bayan rabuwar ba. Da suka zo faɗa, tsoron sarkin Ingila yana nan a zukatansu, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, saboda haka yarjejeniyar farko da ta haɗa jihohin 13, wadda ta fara aiki a 1781, ta kafa gwamnatin tarayya marar shugaban zartarwa, wadda ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi su taimaka. Bashin yaƙi ya taru, kuɗin takarda ya lalace, kuma a 1786 manoman Masacusets da bashi ya yi wa katutu suka ɗauki bindigogi ƙarƙashin Daniel Shays suka hana kotuna zama. Wannan ne ya firgita masu dukiya har aka kira taron Filadalfiya.

Daga 25 ga Mayu zuwa 17 ga Satumba 1787 wakilai 55 suka halarci wannan taro daga jihohi 12, domin Rod Ailan ta ƙi aikawa da kowa. Sun rufe tagogi cikin zafi, sun yi alƙawarin babu mai fitar da magana waje, har bayanan da James Madison ya riƙa rubutawa kullum ba a buga su ba sai 1840, bayan rasuwarsa. Abin da suka fito da shi gajere ne, babi 7 kacal, kuma kusan kowane layi a cikinsa sakamakon ciniki ne. Manyan jihohi suna son wakilci bisa yawan jama'a, ƙanana suna son daidaito, sai aka yi majalisa biyu, ta wakilai bisa yawa, ta dattawa kowace jiha mutum 2. Shugaba yana iya ƙin sa hannu a kan doka, majalisa tana iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, tana kuma iya tsige shi. Shi ke zaɓen alƙalai amma sai dattawa sun amince. Mutum 39 ne suka sa hannu. George Mason yana cikin waɗanda suka ƙi, saboda babu jerin haƙƙoƙin talaka a ciki, kuma ƙorafin irinsa ne ya haifar da gyare-gyare 10 na farko da aka tabbatar a Disamba 1791. A cikin maƙaloli 85 da Madison da Alexander Hamilton da John Jay suka rubuta a jaridu don shawo kan jama'a, akwai inda Madison ya ce da mutane mala'iku ne da ba a buƙaci gwamnati ba, kuma dabarar ita ce a sa kwaɗayin wani ya tare kwaɗayin wani. Duk lokacin da na karanta wannan wuri, muryar Baba nake ji yana amsa wa Kawu.

Ba na ɓoye wa ɗalibai munin cinikin. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000 a ƙasar da ta ce an halicci mutane daidai, kuma shi kansa Jefferson ya mallaki ɗaruruwa. Kundin ya ƙidaya bayi a matsayin uku cikin biyar wajen rabon kujeru, ya kuma hana majalisa taɓa fataucin bayi kafin 1808. Sun ɗage maganar ne don taron kada ya watse, jikokinsu suka biya da yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Mata kuwa sai 1920 kundin ya tabbatar musu da ƙuri'a.

Namu Filadalfiyar, wato taron ƙasa na 1991, a Yamai aka yi, kuma na same ta da wayona. Bayan shekaru 13 na Janar Seyni Kunce, wanda ya jingine kundin 1960 tun daga juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Janar Ali Saibu ya kawo kundin Satumba 1989 mai jam'iyya ɗaya, MNSD. Bai yi wata biyar ba sai aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. A watan nan ne Benin ta buɗe taron ƙasarta a Kwatano, a watan Mayu aka zubar da jini a Cintabaraden, cikin jiharmu ta Tawa, a watan Yuni kuma shugaban Faransa Mitterrand ya shaida wa shugabannin Afirka a La Baule cewa taimakon Faransa zai bi masu buɗe ƙofar dimokuraɗiyya. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN suka matsa da yajin aiki har Ali Saibu ya amince da jam'iyyu da yawa a Nuwamba 1990. Mata ma sai da suka fito titi ranar 13 ga Mayu 1991 saboda an kusa mantawa da su a kwamitin shirya taron, kuma ranar ce muke bikin matan Nijar har yau.

Taron ya buɗe ranar 29 ga Yuli 1991 a babban zauren wasanni na Yamai, da wakilai kimanin 1,200 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, bai rufe ba sai 3 ga Nuwamba, kwana 98, wato daga tsakiyar damina har aka gama yankan hatsi. Inda mutanen Filadalfiya suka rufe tagogi, namu a rediyo aka saka shi. Ina hutun lakwal a lokacin, aikina shi ne in zauna a rumfar Baba kusa da rediyon, ana dafa shayi, dattawa shida ko bakwai sun kewaye ni, duk sanda aka yi tafi ko hayaniya a zauren sai wani ya taɓa ni ya ce, "Kai ɗan lakwal, mi anka ce?" A nan na fara sanin wuyar fassara. Taron ya ayyana kansa da wata kalmar Faransanci da ke nufin babu wata hukuma a samansa, ya jingine kundin 1989, ya rusa gwamnati da majalisa, ya bar wa Ali Saibu suna ba iko, ya naɗa Shaifu Amadu firaministan riƙon ƙwarya. Mutanen da ba a iya ambaton sunansu da ƙarfi a kasuwa shekara biyar da suka wuce, ga su muna ji ana yi musu tambaya a bainar jama'a kan dukiyar ƙasa da kan rayukan da aka kashe. Wanda bai rayu a zamanin da ake waiwayawa kafin a yi magana ba, da wuya ya gane abin da wannan ya yi wa zukatan mutane.

Sai dai mu ma macijinmu ya sare mu, kuma baƙin tsummanmu shi ne mutum ɗaya mai iko duka. Kundin da aka kai zaɓen raba gardama ranar 26 ga Disamba 1992 ya ɗauko tsarin Faransa na 1958, ya raba ikon zartarwa gida biyu: shugaban ƙasa da jama'a ke zaɓa kai tsaye, da firaminista wanda majalisa ke iya kayar da shi. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen na zauna ina yi wa Kawu bayani, ina jin kaina, ina ce masa yanzu babu wanda zai ƙara taka mu domin an raba ƙarfin. Ya saurara har na gama, ya ce, "To ɗana, su biyun nan, in sunka saɓa, wa ka raba su?" Na ce ai akwai Kotun Ƙoli. Ya ce, "Ita kotun, tana da soja?" Na yi dariya, na ɗauka maganar wanda bai yi lakwal ba ce.

Mahamman Usman na jam'iyyar CDS ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Maris 1993 da goyon bayan ƙawancen AFC, ya naɗa Mahamadu Isufu na PNDS firaminista. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashin ma'aikata yana makara wata da watanni, kuma a Satumba na shekarar Isufu ya ajiye aiki bayan shugaban ya rage masa iko, jam'iyyarsa ta koma wajen MNSD. Shugaban ya rusa majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, ƴan adawa suka sami kujeru 43 cikin 83. Ya naɗa Amadu Bubakar Sise, majalisa ta kayar da shi cikin kwanaki, dole ya karɓi Hama Amadu. Daga nan aka shiga zaman ƴan marina. Kundin ya ce shugaban ƙasa ke jagorantar taron majalisar ministoci, bai faɗi abin da za a yi idan ya ƙi kiran taron ba. Ya ce gwamnati ke tsara siyasar ƙasa ta gudanar da ita, amma naɗin manyan ma'aikata da shugabannin kamfanonin gwamnati sai ya bi ta teburin shugaban. Kowannensu yana riƙe da ayarsa, kuma kowace aya gaskiya ce. An kai maganar gaban kotu, bayaninta bai kashe wutar ba. Ranar Asabar 27 ga Janairu 1996, cikin azumi, Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kawo ƙarshen jamhuriya ta uku. Da muka zauna buɗa baki a ranar Kawu bai ce mini komai ba, ya miƙo mini kwanon kunu kawai, kuma da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ba ni mamaki da na zurfafa karatu daga baya shi ne, Amurkawa ma sun faɗa irin wannan rami. Kundinsu na asali ya ce wanda ya zo na biyu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne mataimaki, domin masu rubutun ba su hango jam'iyyu ba. A 1796 John Adams ya zama shugaba, babban abokin hamayyarsa Jefferson ya zama mataimakinsa. A 1800 Jefferson da abokin takararsa Aaron Burr suka yi kunnen doki, majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin a sami shugaba. Ba su yar da kundin ba, suka yi masa gyara na 12 a 1804 suka toshe ramin. Iyakar wa'adin shugaba ma ba ta cikin rubutun farko. George Washington ne ya sauka da kansa a 1797 bayan wa'adi biyu, aka bi sawunsa a matsayin al'ada, sai da aka zaɓi Franklin Roosevelt sau huɗu sannan aka rubuta ta a 1951. Ikon kotu na soke dokar da ta saɓa wa kundi kuwa, Kotun Ƙolinsu ce ta tabbatar wa kanta shi a wata shari'a ta 1803. Riga ɗaya suke ta yi wa faci, sau 27 zuwa yau. Mu kuwa duk inda ta yage sai mu cire ta mu ɗinka sabuwa, har muka kai jamhuriya bakwai tsakanin 1960 da 2010. Ba na faɗin haka don in ce sun fi mu hankali, domin facinsu bai hana su yaƙin da ya ci rayuka fiye da 600,000 ba. Amma rigar da ta daɗe a jiki mutane sukan san ta, su kuma ji ciwo in an taɓa ta.

Dole in yi wa masu rubuta mana kundi adalci, domin sun yi karatun abin da ya faru. Ba'are ya koma tsarin shugaba mai cikakken iko a Mayu 1996, aka kashe shi a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999. Kundin da aka amince da shi a Yuli 1999, zamanin Dauda Malam Wanke, ya dawo da kawuna biyu amma ya fayyace aikin kowa, ya kafa Kotun Tsarin Mulki mai zaman kanta, aya ta 36 ta tsaida wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, aya ta 136 kuma ta kulle ta yadda ba a iya gyara ta. Shi ma yana da nasa cinikin mai ɗaci, domin a cikinsa aka rubuta afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999, aka kulle ta da irin makullin nan. Ya yi shekara 10 yana aiki, har majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'ar yanke ƙauna a Mayu 2007 ba tare da an ji ƙarar bindiga ba.

Sai 2009 ta zo. Shugaba Tanja Mamadu, wanda wa'adinsa na biyu ke ƙarewa, da yake ba shi da hanyar buɗe makullin, sai ya ce zai sauya ƙofar gaba ɗaya ta hanyar tambayar jama'a sabon kundi. Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai ta ba da ra'ayi ranar 25 ga Mayu cewa hakan bai halatta ba, washegari ya rusa majalisa. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen, shi kuma ya ɗauki ikon gaggawa na aya ta 53, ya rusa kotun kanta ranar 29 ga Yuni, duk da kundin ya ce ba a tsige alƙalanta. Aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, ya ƙara wa kansa shekara uku, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta dakatar da Nijar a Oktoba, kuma ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka shiga fadar suka kifar da shi. A wannan karon rubutu bai yi laifi ba, alƙalai kuma sun tsaya a inda ya kamata su tsaya, abin da nake alfahari da shi har gobe. Tambayar Kawu ta biyu ce ta dawo.

Kundin 25 ga Nuwamba 2010, wanda kwamitin Farfesa Mamudu Gazibo ya tsara, shi ne mafi ƙwari da muka taɓa yi a ganina. Ya tanadi yadda za a naɗa firaminista idan shugaba ya rasa rinjaye, daga cikin sunaye uku da masu rinjayen za su miƙa. Ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa na al'ummar Nijar ne kuma yarjejeniyoyin haƙarsa sai an buga su kowa ya gani. Ya sa abinci isasshe da ruwan sha cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. A ƙarƙashinsa ne ranar 2 ga Afrilu 2021 zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki karo na farko a tarihinmu, Isufu ga Bazum Mohamed. An jingine kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma tun 26 ga Maris 2025 ƙasar tana tafiya ne bisa kundin sake gina ƙasa da ya fito daga babban taron Fabrairun shekarar, wanda ya tsaida wa'adin shekara biyar da ake iya sauyawa, ya kuma ba Hausa matsayin harshen ƙasa.

Wannan batu na harshe shi ne ya mayar da ni ga kundin Baba. Abin da ke ba shafukansa ƙarfi sunayen nan biyu ne da ke ƙarshen kowane layi, maƙwabta da abokan kasuwa waɗanda suka ji da kunnensu abin da aka ƙulla, waɗanda kuma mai bashi zai ci gaba da haɗuwa da su a masallaci da wurin suna da jana'iza. Baba bai taɓa kai kowa jandarmari ba. Maƙalolin su Madison a jaridu aka buga su cikin harshen masu karatu, kuma jihohi suka kira nasu taruka aka yi ta musu a kan kundin aya bayan aya kafin tara daga cikinsu su amince ya fara aiki. Namu kundayen da Faransanci aka rubuta su, aka yi muhawararsu tsakanin waɗanda suka yi lakwal, sannan aka kawo wa manomi da makiyayi da mai sayar da fura su ce e ko a'a a kan ayoyi fiye da ɗari a dunƙule. Aya ta 43 ta kundin 2010 ta ɗora wa gwamnati nauyin fassara shi da yaɗa shi cikin harsunan ƙasa, amma kwafin da ke kan teburina, wanda na koyar da shi shekara 12, na Faransanci ne, kuma a duk ajin da na shiga ɗaliban da suka taɓa jin an karanta wa iyayensu shi ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Mutum ba ya tsayawa shaida a kan cinikin da ba a yi da harshensa ba.

A Oktoba 2010, kwanaki kafin zaɓen raba gardama na 31 ga wata, na je gaida Kawu, lokacin tsufa ya kama shi, idonsa ya yi rauni, Baba kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce in karanta masa wurin da ya shafi shugaban ƙasa. Na ɗauko ayar da ke cewa ana zaɓen shugaba na shekara biyar, yana iya sake tsayawa sau ɗaya tak, kuma ko ta wane hali babu wanda zai yi fiye da wa'adi biyu ko ya tsawaita wa'adinsa bisa kowane irin dalili. Na yi ta kewaye ina neman Hausar da za ta ɗauki nauyin jimlar, ina gyarawa ina sakewa, alhali kalmar tana nan a bakin kowa tun da ta ƙetaro iyaka daga Najeriya zamanin Abaca. Kawu ya ɗaga hannu ya tsai da ni ya ce, "Wannan dogon zance duka, ba tazarce suka nuhi ba?" Na ce ita ce, Kawu. Ya ce, "To su rubuta hakanan mana, ba tazarce. Sannan ka duba mini ko sun hwaɗi wa ka kama shi in ya yi."

Na buɗe babin Babbar Kotun Shari'a, wadda ƴan majalisa da alƙalai ke zama a cikinta don hukunta shugaban da ya ci amanar ƙasa, na fara karanta masa sharuɗɗan gurfanarwa da yawan ƙuri'un da ake buƙata. Kafin in kai ƙarshen shafin aka kira sallar la'asar, ya ce in riƙe masa hannu mu tafi.